Yadda muka kwashe aikin wani mai tsara littattafai daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa

Mutumin da wannan bayani ya shafa tsohon malamin Hausa ne a Kano, wanda tun da ya yi ritaya ya koma sana'ar tsara littattafai. Marubuta na kawo masa rubutun hannu ya buga musu, makarantun Islamiyya na kawo takardun jarrabawa, wasu malamai kuma ƙananan littattafan fiƙihu da na addu'o'i, Larabci a sama fassara a ƙasa. Duk wannan aiki yana cikin laftof guda, wadda ta zo masa da Windows 7, daga baya aka ɗaga ta zuwa Windows 10. Zan riƙa ce masa Malam, domin haka nake kiransa.

Dalilan sauya ta sun taru sun yi masa yawa. Batirinta ya mutu murus, da an ɗauke wuta ita ma ta ɗauke. Faifan ajiyarta ya fara wani ƙas-ƙas idan ana buɗe babban fayil. Ga shi kuma Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kwamfutar kuwa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wadda ke neman ɗan guntun tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama ko makamanciyarta. 'Ya'yansa suka haɗa kuɗi suka saya masa wata ta hannu mai lafiya, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje, da Windows 11 a kanta.

Mai shagon ya yi abin da yawancin masu shago ke yi, kuma da kyakkyawar niyya. Ya kwafe foldar Documents da abin da ke kan fuskar kwamfutar ya zuba a sabuwar, sannan ya ce idan Malam na so ya bar tsohuwar a rage masa kuɗi. Allah ya taimaka, Malam ya ce zai yi shawara tukuna. Da ya koma gida ya buɗe littafin da yake kan aikinsa, sai ya tarar inda ya rubuta ƙasa ya koma }asa, ɗaya ya koma ]aya, ɓarawo ya koma ~arawo. Ayoyin Alƙur'ani sun zama wasu alamomi da akwatuna marasa ma'ana. Shafuka sun goce, kan babi ya sauko tsakiyar shafi. Ya kira ni hankalinsa a tashe.

"Ɗana, bairos ya cinye mini aikin shekara da shekaru."

"Malam, tsohuwar tana hannunka?"

"Tana nan, ga ta a gabana."

"To don Allah kada ta fita daga gidan nan, kada kuma kowa ya yi mata fomatin."

Ko harafi ɗaya bai ɓata a fayilolin Malam ba. Abin da ya faru shi ne, fayil ɗin Word yawanci ba ya ɗauke da zanen haruffa a cikinsa. Lambar kowane harafi yake adanawa, tare da sunan font ɗin da za a zana shi da shi, shi kuma font ɗin yana zaune a cikin Windows, a wata folda daban. Kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ya yaɗu, masu buga Hausa sun dogara da font irin su Rabiat, waɗanda suka ari maɓallan da ba a cika amfani da su ba suka ɗora musu haruffa masu lanƙwasa. Ka danna } font ya zana maka ƙ, ka danna { ya zana Ƙ, ] da [ su ba ka ɗ da Ɗ, ~ da | su ba ka ɓ da Ɓ. Dabara ce da ta yi wa rubutun Hausa hidima ƙwarai a lokacinta, littattafai masu yawa da ita aka buga su. Amma a cikin fayil ɗin, abin da ke ajiye har yanzu } ne. Idan aka kai shi kwamfutar da ba ta da Rabiat, Word ba ya ko gargaɗi, sai ya ɗauko wani font ya nuna abin da ke ajiye yadda yake. Duk wanda ya daɗe yana karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da "Majalisar [inkin Duniya", to tushensu ɗaya.

Na ayoyin ya fi wannan nauyi. Malam yana saka su ne da manhajar Mus'hafin Madina, ta Cibiyar Sarki Fahad da ke buga Alƙur'ani, wadda ke da font daban ga kowane shafi cikin shafuka 604, kuma kalma sukutum ake zanawa a matsayin alama guda. Idan font na shafin da aka ɗauko ayar ba ya nan, babu abin da zai fito mai kama da Larabci. Sauran Larabcin kuma da Traditional Arabic ya buga shi, wanda tun daga Windows 10 ba ya zuwa kai tsaye sai an ƙara harshen Larabci ko an sauko da ƙarin haruffansa. Word ya musanya shi da wani mai faɗi daban, shi ya sa layuka suka miƙe, shafuka suka goce. Kamar wanda ya tashi daga gida ne ya kwashe akwatunansa kaf, ya bar makullansu a rataye a tsohon ɗaki.

Saboda haka kafin in taɓa komai, na roƙi Malam ya kunna tsohuwar ya yi aikinsa na safiya yadda ya saba, ni kuma ina gefe da biro da takarda ina rubuta duk abin da ya buɗe. Wannan zama ya fi kowace manhajar kwashe bayanai amfani, domin mutum ba ya iya lissafa abin da hannunsa ya saba da shi. Da na tambaye shi da baki, zai ce Word ne kawai. A zaman na ga ya buga haruffa uku, salatin Annabi ya fito cikakke da kansa. Na ga babu jan layi a ƙarƙashin kalmomin Hausarsa, alamar ya shekara yana ƙara su a ƙamus ɗin Word. Na ga ya shiga Gmail ba tare da ya rubuta kalmar sirri ba. Na ga ya leƙa ɓangaren D na faifan, inda mai gyaran da ya raba masa faifai tun can baya ya ce ya riƙa ajiya, kuma a nan rabin littattafan suke, mai shago bai ko san da wurin ba. Daga ƙarshe ya buɗe PageMaker, tsohuwar manhajar tsara littattafai, don duba wani tsohon littafi da marubucinsa ke son sake bugawa.

Sai lafiyar faifan. Manhajar CrystalDiskInfo tana karanta rahoton da faifai ke ajiyewa game da kansa, kuma na Malam ya nuna alamar rawaya: wasu gurabe sun lalace har an sauya musu wuri, wasu na jiran a sauya. Faifai irin wannan yana iya shekara yana aiki, yana iya tsayawa gobe, kuma duk wahalar da aka ba shi tana matso da ranar. Don haka ban sa masa binciken bairos na gaba ɗaya ba, ban sa masa gyaran kurakurai ba. Abin da ya fi daraja shi za a fara ɗauka, kuma kwafe za a yi, ba yankewa ba, ta yadda asalin yana nan har a gama.

Hanyoyin da muka ajiye a gefe ba su ɗauki dogon tunani ba. Ajiyar intanet ta kyauta 5GB ce a OneDrive, 15GB a Google, faifan Malam kuwa mai 500GB ne kuma ya kusa cika, ga kuɗin data. Filashi ma ban yarda da shi ba. Da yawa suna zuwa da tsarin FAT32 wanda ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai 4GB, akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi su haɗiye kaya shiru, ga shi filashin Malam ya zaga shagunan buga takardu, inda bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar gajeriyar hanya a madadinta ya yi katutu. Akwai kuma masu ɗaukar hoton tsohon faifai gaba ɗaya su juye a sabuwar kwamfuta. Wannan zai dawo da Windows 10 ɗin da ake gudu ne, da duk tarkacen da ya tara, kuma ma ba zai shiga ba, domin sabuwar faifan zamani, wato SSD, mai 256GB gare ta, wanda Windows ke nunawa kusan 238GB kafin ita kanta ta ci nata rabon. Wannan ya ba Malam mamaki, a ce sabuwa ta fi tsohuwa ƙarancin wuri. Da muka duba abin da ya cika tsohuwar, sai ga shi karatuttukan tafsiri ne da bidiyon bukukuwan iyali da hotuna. Littattafan, da su ne abincinsa, ba su ci wani wurin kirki ba.

Muka sayi faifan waje mai shiga ta USB a Titin Beirut. Tunda batir ya mutu, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya ƙarasa faifan, sai muka ɗauki kwamfutar zuwa gidan da ke da sola. Foldodin littattafai na C da na D su aka fara kwafewa. Na yi amfani da Robocopy, wani umarnin kwafe fayiloli wanda ke cikin Windows ɗin kanta, domin kwafe na yau da kullum idan ya ci karo da fayil mai matsala tsayawa yake yana jiran a danna masa amsa, ka dawo da safe ka tarar bai yi nisa ba. Shi ma Robocopy sai an saita shi: idan aka bar shi yadda ya zo, zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Na sa masa /R:1 da /W:1 don ya gwada sau ɗaya ya wuce, /E don ya shiga kowace folda, /XJ don kada ya yi ta zagaye a gajerun hanyoyin da Windows ke ɓoyewa, da /LOG don ya rubuta duk abin da ya ɗauka da wanda ya gagara. Akwai /MIR da ake yawan ba mutane shawara a kai. Ban taɓa shi ba, domin yana goge duk abin da ke wurin saukewa wanda babu shi a wurin ɗauka, kuma idan mutum ya juya sunayen faifan biyu ya gama da kansa.

Bayan littattafai sun samu mafaka, sai abubuwan da ba sa ɗaukuwa sai tsohuwar na kunne. Kalmomin sirrin da Chrome ke riƙewa a kulle suke da asusun Windows na wannan kwamfutar, ko an kwafe foldarsu zuwa wata ba za su buɗe ba. Ko dai a kunna daidaitawa da asusun Google, ko a fitar da su cikin fayil, wanda kowa ke iya karantawa, don haka da an shigar da shi a sabuwar sai a goge shi. A nan muka gano wani haɗarin da ya fi na font. Lambar wayar da ke maƙale da Gmail ɗin Malam tsohon layi ce da ya daɗe da ɓata, shi kuma bai tuna kalmar sirrin ba. Google kan nemi tabbaci idan aka shiga daga sabuwar na'ura, kuma wannan layin zai iya tura wa saƙo. Da an bar tsohuwar a shago an goge ta, da wuya ya sake ganin wasiƙun marubutansa da rubuce-rubucen da suka turo masa. Tunda tana nan kuma asusun a buɗe yake, muka duba kalmar sirrin a cikin Chrome, muka sauya lambar zuwa layinsa na yanzu, muka ƙara imel ɗin babban ɗansa a matsayin madogara.

Kayan Word suna cikin AppData, folda ce ɓoyayya a ƙarƙashin sunan mai kwamfuta. Normal.dotm yana riƙe da saitin shafi da salon rubutun da ya saba, CUSTOM.DIC shi ne ƙamus ɗin kalmomin da ya tara, gajerun hanyoyin da ke fito masa da salati da sauran addu'o'i kuma suna cikin fayilolin da ke ƙarewa da .acl, wasu a cikin Normal.dotm ɗin. Duka-duka ba su kai girman hoto ɗaya na waya ba, amma shekarun aikinsa ne a ciki. Font-font kuma wuri biyu ake nemansu, foldar Fonts ta cikin Windows da wata a cikin AppData inda sababbin fitowar Windows 10 ke ajiye wanda mutum ya saka wa kansa. Daga nan aka bar sauran kaya suka kwana suna kwafuwa. Rahoton safe ya nuna wasu hotuna da karatu ɗaya sun gagara, sun faɗa kan gurabun da suka lalace. Hotunan an same su a wayar 'yarsa.

A sabuwar kwamfutar akwai abu biyu da ya kamata duk mai ƙaura zuwa Windows 11 ya sani kafin ya zuba kaya. Idan aka shiga da asusun Microsoft, OneDrive na iya ɗaukar Documents da Pictures da fuskar kwamfuta ya fara tura su intanet, ya cika 5GB ɗinsa ya kuma sha data. Muka kashe wannan, muka bar masa folda ɗaya tak ta littafin da ake kan aikinsa. Na biyu, sababbin fitowar Windows 11 kan kulle faifai da BitLocker da kansu. Kariya ce mai kyau idan aka sace kwamfuta, amma tana sauya wani abu da masu gyara suka saba. A da, idan laftof ta mutu, ciro faifan ake yi a sa a ɗan akwatin USB a kwashe kaya. Yanzu ba za a ga komai ba sai da mabuɗin ceto mai lamba 48. Muka buɗe asusun Malam muka ga mabuɗin, ya kwafe shi da hannunsa a takarda ya sa cikin jakar da yake ajiye takardun gida.

Ban juye foldar Fonts gaba ɗaya a kan ta sabuwar ba, waɗanda babu kawai na zaɓa: Rabiat da 'yan uwansa, da wasu na ado da yake yin bangon littafi da su. Muka ƙara harshen Larabci, Traditional Arabic ya sauko, muka sake saka manhajar Mus'hafin daga tushenta. Sannan aka zo tantancewa, kuma a ganina nan ne ainihin aikin. Yawan fayiloli ya yi daidai da rahoto, amma wannan bai gamsar da ni ba, bai kuma gamsar da Malam ba. Ya ɗauko bugaggun littattafan daga kanta, ya sa tabarau, ya buɗe ɗaya a cinyarsa. Ni ina kiran lambar shafi daga allon kwamfuta, shi yana ɗora yatsa a kan layin ƙarshe na shafin yana karanta kalmar da ya ƙare da ita. Idan ta yi daidai mu tsallaka gaba. Da muka iso kan ayoyi ya ce in dakata, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe, har wasulla da alamomin tsayawa. Ya ce, "Kuskure a maganata ni zan ɗauka, amma wannan ba maganata ba ce." Tsofaffin fayilolin Word ɗin suna buɗewa a yanayin da ke kiyaye tsohon tsarinsu, na kuma ce masa duk littafin da za a sake kai wa maɗaba'a kada ya yarda ya sabunta shi zuwa sabon tsari, domin layuka na iya motsawa.

Saka Rabiat ya gyara abin a kwamfutar Malam kaɗai, kuma na gaya masa haka ƙarara. Duk ranar da ya tura wa marubuci fayil ta WhatsApp aka buɗe a waya, }asa za a gani. Idan ya nemi kalmar ƙasa da harafin gaskiya, binciken ba zai same ta ba. Ra'ayina shi ne duk mai tarin rubutun Hausa a irin waɗannan font ya fara mayar da shi Unicode tun yanzu, tun ana samun masu gane matsalar. Aikin ba shi da wuya, musanya shida ce a Word, amma akwai tarko. Malam yana sa sunan sura da lambar aya cikin baka mai kusurwa na gaskiya, da wani font ya buga su. Idan aka ce a musanya kowane [ da Ɗ, su ma za su tafi. Dole a gaya wa Word ya taɓa rubutun da ke cikin Rabiat kawai, sannan a mayar da shi font mai haruffan Hausa, kamar Times New Roman na yanzu. A kan kwafi muke yi, asalin yana gefe. Mun ƙara masa kibod ɗin Hausa da ke cikin Windows don sabon aiki, ko da yake yatsunsa har yanzu sukan nufi tsofaffin maɓallan.

PageMaker ne ya hana a sallami tsohuwar. Fitowarsa ta ƙarshe ita ce ta 7, ta shekarar 2001, kuma InDesign, manhajar da ta gaje shi, fitowarsa ta yanzu ba ta buɗe fayilolinsa, fitowar CS6 ce ta ƙarshe da ke iyawa. Littattafan farko na Malam duk a ciki suke. Tunda kaya sun riga sun zauna a wuri biyu, sai muka ɗauki hoton tsohon faifan da manhajar da ke tsallake gurabun da suka lalace, muka juye a wani SSD muka sa wa tsohuwar, muka cire ta daga intanet. Yanzu aikinta ɗaya: Malam yana buɗe littattafan PageMaker ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da PDF mai ɗauke da font a cikinsa don maɗaba'a, ya kuma fitar da zallar rubutun don gyaran gaba. Karatuttuka da bidiyo suna faifan waje, an kuma yi musu kwafi na biyu a kwamfutar ɗansa, tunda sabuwar ba za ta ɗauke su ba.

Jikansa na jiran tsohuwar don karatu. Idan aikin PDF ya ƙare, za a yi mata sake-saiti tare da zaɓin share faifai gaba ɗaya, domin gogewa ta yau da kullum da fomatin na gaggawa suna barin abin da manhajar ceto ke iya tonowa, kuma a cikinta akwai takardun jarrabawar makarantu da littattafan mutane da ba su fito ba tukuna. Faifan asali mai ƙas-ƙas ba za a sayar ba, ba za a kuma ba kowa ba. Malam ya ce da zarar ya tabbatar da littafi na ƙarshe, a kawo masa guduma.